Kada Ki Sayar da Gidan

Ƙanwata Dinatu,

Gaisuwa mai yawa daga ƙasar Turawa. Yaya su Jesse, yaya ƙafar Mama? A sanar da duk Nassarawa cewa yayanki, tsohon malamin tarihi, ya ci jarrabawar zama ɗan ƙasa a nan. Tambaya mafi wuya ita ce launin tutarsu.

Lafiyata ƙalau, sai ɗan ciwon baya daga ɗaga tsofaffi a gidan jinya da nake aiki. Kada Mama ta ji.

Kin tuna shekarar da aka fara Shari'ar Musulunci, na tafi ina cewa na gaji da zama baƙo a garin da aka haife ni? Jiya 'yan kamfe suka zo ƙofata, da ladabi kamar surukai, suna neman ƙuri'ata don a rage baƙi. Ɗayansu ya ce, "Ban da irinka, Baba." Haka maƙwabcinmu Alhaji Sagiru ya ce mini a lokacin, amma shi ya wuni yana gadin ƙofarmu ranar tashin hankali.

Kada ki sayar da gidan ki biyo ni. Na ce taurin kai ne ya zaunar da ke, ashe ni ne ban gane ba. Allah ya tsare ku.

Yayanki,
Habila