Dutsen Taimamar Baba

Agadir, ranar Lahadi

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Lalla Mbarka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya sanyin Faransa, yaya kuma gwiwar nan taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Jiya a waya kin ji muryata wani iri, kika ce ko mura ce, na ce miki e. Ba mura ba ce. Inna tana kwance kusa da ni, kuma idonta ne ya dushe ba kunnenta ba, shi ya sa na ɗauko biro.

Kin san yayanmu Dadda Hammu ya kawo ta daga garin Tata a sabuwar motarsa don a cire mata yanar ido. To jiya maigidana Lahsan ya ce zaman gida ya ishi yara, mu je gidan tarihin sararin samaniya, har da Inna ta sha iska. Dadda Hammu ya ce shi ciwon kai yake yi, me zai hana mu je bakin teku. Inna ta ce, "Ka tuƙo mota tun daga Tata kanka bai yi ciwo ba sai yanzu? Tashi ka riƙe mini hannu." Ya tashi kamar wanda za a kai gidan yari. Ni ban kawo komai a raina ba.

Lalla, tun daga ƙofa wurin bai yi mini ba. Cunkoso, ihun 'yan makaranta, ga warin gumi da na gugguru. Wata budurwa mai yi wa baƙi bayani ta tsayar da mu gaban wata kujera mai dogon tiyo, ba ko kunya, wai a nan 'yan sama jannati suke biyan bukata, iska ce take zuƙewa. Ta ƙara da cewa fitsarinsu da guminsu ake tacewa su sake sha. Inna ba ta jin Larabcin birni, sai 'yata Tilila ta mayar mata da harshenmu. Inna ta ce, "Tir! Mu da ƙishirwa ta kashe mana raƙuma a hamada ba mu taɓa shan namu ba. Su da arzikinsu suka hau sama shan fitsari?" Mutane suka yi ta dariya. Lahsan kuma, kin san shi da rawar kai, ya sayo mana wai abincin sama a leda. Na sa a baki na ji kamar alli, na tofar a hankici.

Da a nan abin ya tsaya da yanzu dariya nake ba ki labari.

Ɗaki na ƙarshe na duwatsun da suka faɗo daga sama ne. Duk suna cikin gilashi sai guda ɗaya da aka ɗora a kan ginshiƙi, an rubuta wai kowa ya taɓa sama da hannunsa. Yara sun yi layi, hannuwa duk danƙon alawa. Da idona na ga wani ya share majina ya shafa, wani kuma ya lasa. Na ce wa nawa kada wanda ya taɓa ƙazantar nan. Ina! Tilila ta riga ta ja kakarta, tana cewa, "Kaka, zo ki taɓa tauraro."

Inna ta aza hannu tana murmushi. Sai murmushin ya ɗauke. Na ga yatsunta sun zame sun shiga wasu 'yan ramuka a jikin dutsen, ba lalube. Ta ce, "Itto, wannan na Babanku ne."

Kin tuna shi ai. Baƙin dutsen taimamar Baba, mai nauyin tsiyar nan, wanda yake ratayawa a jakar raƙumi duk inda muka tashi, wanda aka zane ki don kin fasa ƙwallon dabino a kansa. Inna da hannunta ta kafa shi a wajen kan Baba a maƙabartar makiyaya ta bayan rijiya. Can kuwa kin sani, kaburbura duk iri ɗaya ne, ba suna ba rubutu, baƙin dutsen nan kaɗai ke nuna nasa. Kuma kin san abu ɗaya da Inna take roƙonmu tun ranar da ya rasu: idan tata ta zo, a kwantar da ita a gefensa.

Na ce, "Haba Inna, dutse ai yana kama da dutse." Ba ta kula ni ba. Ta zagaya da tafinta ta baya, ta ce, "Wa ya yanke shi?" Na leƙa. Wallahi an yanke rabi, an goge wurin sumul kamar madubi.

Ana haka Tilila ta ɗaga kai ta ce, "Laa, ga Kawu!" Ƙaton hoto ne a bango. Dadda Hammu ne a tsugune da shuɗin rawani irin wanda bai taɓa naɗawa ba a rayuwarsa, ya rungume dutsen, ya washe haƙora. A ƙasa an rubuta wai makiyayi ne da ya tsince shi a fili yana kiwo. Shi da rabonsa da bin raƙumi tun muna yara! Budurwar nan ta dubi hoton ta dube shi, sai ta tafa hannu ta shela wa jama'a cewa yau ga mai dutsen da kansa. Aka yanyame shi ana ɗaukar hoto. Uwarsa na tsaye hannunta a kan dutsen kan ubansa, shi kuma, Lalla, har murmushi ya yi musu. Ban taɓa jin ƙyamar ɗan Adam irin ta lokacin ba, kuma ciki ɗaya muka fito.

Muka koma gida. Inna ba ta ci abincin dare ba. Zan sake rubuto miki idan na san inda muka dosa. Ki sa mu a addu'a, ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Itto

Agadir, ranar Laraba

Lalla Mbarka, 'yar uwata ta kaina,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun wuni lafiya, gwiwa kuma ta lafa. Na ji saƙonki ta bakin Lahsan, kuma na roƙe ki kada ki kira Dadda Hammu yanzu, zagi ba ya huda shi.

Ya yi kwanaki yana zille mana, fita da sassafe, dawowa bayan an kwanta. Jiya Inna ta sa na ɓoye makullin motarsa, ta zaunar da shi gaban tiren shayi. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Hammu, kowace Sallah kana zuwa ka ce mini ka ziyarci Babanka, ka zuba masa ruwa, dutse yana nan. Wane dutse kake gani?"

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ya miƙe yana kumfar baki. Wai mamaci me zai yi da dutse? Wai wani dillali ne ya sa masa maganaɗisu ya ga ya kama, ya ce wannan ba na duniyar nan ba ne, shi kuma ya ga bai kamata arziki ya zauna a rana yana gadin ƙasusuwa ba. Gadin ƙasusuwa, Lalla! Da bakinsa ya faɗa, a gaban matar mutumin. Wai ai ya sa wani dutsen a madadinsa. Na ce, "Dadda, ina ɗayan rabin?" Ya ce an kai ƙasashen waje an yanyanka shi fale-fale, ana sa wa a zobe da sarƙa. Kin ji. Wataƙila ma a layinku akwai wata Baturiya da ke yawo da dutsen sallar ubanmu a wuya, tana shiga mashaya da shi.

Sannan ya juyo kaina. "Ke Malama mai tsarki, awarwaron da ke hannunki daga ina kike zaton ya fito? Aikin idon Inna fa, da yashi za a biya?" Na dubi hannuna na ji kamar maciji ne ya naɗe ni. Na tuɓe na ajiye masa a cikin tiren, na je na wanke hannun da sabulu har ya yi ja. Naki ma da ya aiko miki bara, ki san yadda za ki yi da shi.

Inna ta bari ya gama haushinsa tas. Ta ce a gaya wa likita ya ɗaga aikin, ita ba za ta ga duniya da idon da aka saya da kan mijinta ba. Lahsan ya ce mu za mu biya, ta ce a bar maganar tukuna. Ta juya wajen da take jin numfashin ɗanta ta ce, "Ka ce ka sa wani dutsen. To kai ni. Idan ka aza hannuna a kan kabarinsa, na yafe maka duniya da lahira."

Ya ce wannan ai mai sauƙi ne, ko ido rufe zai kai ta. Gobe za mu kama hanya, ni da ita da shi. Na cika mata jarka da ruwan da za ta zuba, ta sa an saya mata sabon farin mayafi kamar mai zuwa biki.

Allah ya sa mu dace. Yara suna gaishe ki.

Taki har kullum,
Itto

Agadir, ranar Asabar

Yayata Lalla Mbarka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kewa, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gida. Ki yafe mini shirun da na yi, hannuna ne ya ƙi ɗaukar biro.

Mun je. Rijiyar tana nan, itacen ƙayar nan ma yana nan. Maƙabartar ce babu.

Ashe da labari ya bazu cewa an samu dutsen sama a wurin, masu farautar duwatsu suka yi mata dirar mikiya da sandunansu masu maganaɗisu. Ba dutsen da suka bari a mazauninsa. Sun tumɓuke na kai da na ƙafa, wanda bai kama ba su jefar, har sun tara su tsibi-tsibi. Sawun taya ta ko'ina, gwangwanayen kifi, ledoji sun maƙale a ƙaya. A gindin wani tsibi har bayan gida suka yi. A kan iyayen mutane, Lalla! Na koma bayan mota na yi amai. Abin da suka rage kuma ambaliya ta zo ta shafe, wuri ya zama fili fetal.

Inna ba ta ganin komai, tana tsaye da farin mayafinta da jarkarta, tana cewa, "Mun iso? Ina jin ƙamshin wurin."

Dadda Hammu ya yi gaba ya yi baya, ya auna daga itacen, ya dawo ya auna daga rijiya. Gumi har yana ɗiga daga gemunsa. Ya ja hannunta ya ce nan ne. Kafin ta durƙusa ya ce a'a, ta ɗan matso nan. Can kuma ya ce, "Ina jin dai nan ne."

Ta ce, "Kana ji?"

Ta zare hannunta daga nasa. Ta durƙusa ta yi ta shafa ƙasa da tafukanta, tana rarrafe, tsakuwa tana yankar gwiwarta. Na ce, "Inna, don Allah ki tashi." Sai da ta gaji don kanta ta zauna. Ta yi wa mamatan wurin sallama gaba ɗayansu, ta yi musu addu'a, ta buɗe jarkar ta tuttular da ruwan a inda take zaune. Shi kuwa ya faɗi a gabanta yana kuka da majina, yana kama ƙafarta. Ko ɗigon tausayinsa ban ji ba, Allah ya yafe mini. Ta janye ƙafar ta ce da ni, "Itto, rana ta yi, mu tafi."

Ta ƙi komawa Tata, tana wurina. Jiya Juma'a da safe na same ta ta yi wanka ta yafa mayafin, ta ce in kai ta ziyara. Na ce wace ziyara? Ta ce, "Inda kika kai ni ran nan." Haka na yanki tikiti, muka wuce wani kumbon 'yan sama jannati, muka wuce kujerar ƙazantar nan, muka bi layi a bayan 'yan makaranta. Da aka zo kanta ta ciro hankici ta goge danƙon da ke jikin dutsen tsaf, ta sa yatsunta a ramukan, ta yi ta motsa baki. Wani yaro a baya yana cewa, "Hajiya, a yi sauri mana!" Ni ina tsaye ƙarƙashin hoton ɗanta mai washe haƙora, ina riƙe da jakarta. Ta ce duk Juma'a za mu zo. Ziyarar ubanmu ke nan yanzu, da tikiti, da layi.

Da muka dawo gida ta kira ni da Lahsan, ta ce mu zama shaida, kuma in rubuta miki don kada a yi gardama a bayanta. Ta janye roƙon da ta daɗe tana yi mana. Idan ta cika, a binne ta a nan Agadir, kada a wahalar da gawarta zuwa hamada neman wanda ba za a samu ba. Lahsan ya ce in sha Allah, kuma shi da kansa zai sa a sassaƙa mata dutse mai kyau da sunanta.

Ta ce, "A'a. Kada ku sa mini dutse a kai. Ina da ɗa."

Ki zo, Lalla, ko na mako ɗaya ne. Ni kaɗai abin ya fi ƙarfina. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, ya jiƙan Baba a duk inda yake kwance.

Ƙanwarki mai kewarki,
Itto