Dabinon Jikin Katanga

Auta,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya fama da kwalaben ɗakin gwaji? Mu nan lafiya lau, sai gwiwoyin Baba da suka ƙi hawa bene. Za mu gina masa ɗaki a ƙasa, amma magini ya ce dole a sare dabinon jikin katanga. Kin san shi ne na Baba, ko kallon na bakin rijiya ba ya yi. Na tuna masa cewa marigayiya Mama ta sha faɗa, daga gindin uwa ɗaya ta ciro su biyun. Sai ya ce, "To a tambayi Auta, ba aikinta ke nan ba? In ta ce ɗaya ne, ku sare, na koma cin na rijiya."

Ga ganyen kowanne nan, na naɗe daban. Yau dai bokonki zai yi mana rana. Ki hanzarta don Allah, magini na da wani aikin a gaba.

Ki huta lafiya,
Yayanki

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, a gaishe min da Baba da kyau. Ka ce boko zai yi rana, to ga ranar ta fito. Na niƙa ganyen, na tace ruwansa, na ciro sinadarin da muke kira furotin. Muna ɗiga shi a kan wani faranti mai santsi, mu sa masa lantarki, sai ya rabu layi-layi. Kowane irin dabino da nasa tsarin layukan. Na waɗannan biyun sun zauna daidai wa daida. Ɗaya ne, Yaya. Ka ce wa Baba santi ne kawai da sabo.

Taka,
Auta

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Kada ku taɓa dabinon nan! Sau ɗaya na yi gwajin, alhali ƙa'idar aikinmu a maimaita. Layin masu jiran na'urar ya yi tsawo, ni kuma ina son in burge ku. Jiya na sake da ragowar ganyen, na canza ruwan rinin da ke fito da layukan, sai ga wani siririn layi a na jikin katanga wanda babu shi a na rijiya. Na sake, ya sake fitowa. Ina zaton abin da Mama ta dasa a wurin bai kama ba, wannan daga ƙwallo ya tsiro. Dabinon ƙwallo kuwa ba shi da na biyu a duniya. In ya tafi, ya tafi ke nan.

Ko da layukan sun yi daidai ma, bai kamata in ce ɗaya ne kai tsaye ba. Na san haka, na rufe ido. Ka amsa min da wuri, hankalina ba a kwance yake ba.

Auta

Auta,

Sallama da fatan alheri. Na daɗe ban amsa ba don na rasa ta inda zan fara. Takardarki ta iske kututturen a ƙasa. Na tona gindin ko zan samu ɗan tsiro, babu, ya tsufa da haihuwa. Ban karanta wa Baba ba. Ni ma ina da nawa kason, ni na azalzale ki.

Ɗaki ya yi kyau, yana jin daɗinsa. Na rijiya ya nuna, na kai masa a faranti. Ya ɗauki ɗaya ya daɗe yana taunawa. Ya ɗauki na biyu, ya ajiye rabi. Na ce, "Baba, yaya?" Ya ce, "Auta ta auna ta ce ɗaya ne. Bakina ne ya mutu, tsufa ya zo." Tun daga ranar ko shayi aka ba shi sai ya tambaya ko da sukari, wai ya daina yarda da harshensa. Abincinsa ma ya ragu. Wallahi kallonsa nauyi yake min.

Ya ce a gaishe ki, Allah ya yi miki albarka.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Kada ka ce masa komai, na nemi hutu, ina tafe. Dabinon ba zan iya dawo masa da shi ba. Amma zan durƙusa a gabansa in gaya masa harshensa lafiyarsa ƙalau, shi ne ya faɗi gaskiya.

Ƙanwarka,
Auta