Azumin Basira a Dajin Fayin

Asabar, 19 ga Mayu, 2018

Azumi uku yau. Basira, autata, tana can Finland a kan katafila. Karatun gandun daji na yarda ta tafi, ban ce ta zama direba ba. Wai an sare daji ne, su kuma suna mayar da shi: injin yana jan faifan ƙarfe biyu masu haƙora, su yaye gansakuka har ƙasa ta bayyana, bututu ya riƙa zuba iri a baya. Bishiyar fayin, mai ganye kamar allura. Sai ta kusa shekara tamanin kafin a sare ta. Na ce to wa zai ci moriyarta, jikan Bature?

Dariya ta yi. Muryarta a bushe.

Talata, 22 ga Mayu

Rana ba ta faɗuwa a can sai mun idar da asham a nan. Kafin ta gama cin abinci alfijir ya keto. Kuma da ranar garin take azumi, tana tuƙa abin da ya fi ɗakina girma, ita kaɗai, tsakanin duwatsu da kututture.

Na tsufa ina aikin jinya. Na san yadda ƙishirwa take yi wa mutum: ba ta sallama, ido a buɗe hankali ya tafi. Na ce ta nemi hutu. Ta ce yanzu ƙanƙara ta narke, ƙasa da laima, in lokacin ya wuce sai baɗi. Iri ba ya jira. Uwa ce mai jira.

Alhamis, 24 ga Mayu

Na hau adaidaita zuwa Gyaɗi-Gyaɗi wurin Malam Isyaku, wanda ya yi mata saukar Alƙur'ani. Ya ce akwai malaman da suka yarda mai irin wannan hali ya bi lokacin Makka. Na ɗauki muryarsa a waya na tura mata.

Amsarta: "Umma, ki gaishe da Malam. Ina iyawa."

Ina iyawa. Haka ubanta ya ce ranar da ya ƙi zuwa asibiti.

Lahadi, 27 ga Mayu

Dabino da ruwa kawai nake sha da magariba. Kunun sai ta kira ta ce ta sha ruwa. Ba alwashi na yi ba, haka kawai ba na iya riga ta.

Laraba, 30 ga Mayu

Ba ta kira ba jiya. Waya tana shiga, ba a ɗauka.

Alhamis, 31 ga Mayu

Shiru har yanzu. A wurin aiki na ɗaura wa mara lafiya abin awon jini na tsaya ina kallonsa. Saratu, abokiyar aikina, ta karɓe daga hannuna ta ce, "Yaya, je ki zauna kafin ki kashe mana wani." Ta raka ni har gida a unguwar Daurawa, ta zauna ba ta ci komai a gabana ba, duk da ita ba ta azumi. 'Yar Jos ce, ta ce suna da fayin a can, inuwarsa da sanyi da ƙamshi. Na ce a ƙone shi duka. Ta ce, "Amin, amma bari yarinyar ta fito tukuna."

Ba abin da nake gani sai katafila a kife a gangare, faifan nan biyu suna juyawa.

Juma'a, 1 ga Yuni

Ta kira. Lafiyarta ƙalau. Kunya ce ta hana ta ɗauka.

Ranar Talata bututun iri ya toshe. Jar fitila tana ta ƙiftawa a gabanta tun hantsi, ba ta gani ba. Ta yi wuni guda tana yaye ƙasa, ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗa ba. Ta ce ba ta ma tuna yadda ta sauko daga tudun da take aiki a kai. A nan na zauna a ƙasa.

Ita kuwa filin take yi wa kuka. "Umma, layi bayan layi, babu komai a ciki." Kwana biyu tana bin su da ƙafa, tana zuba iri da hannu. Daga jiya ta koma bin lokacin Makka.

Na roƙa, ba ta ji ba. Malam ya faɗa, ba ta ji ba. Ƙwayar da ba ta kai ta gero ba ce ta tanƙwara ta. Na tanadi faɗa mai yawa, sai na ji bakina yana cewa, "Kin ci abinci?"

Juma'a, 15 ga Yuni

Sallah. Ta yi idi da 'yan Somaliya. Na gan ta ta bidiyon waya. Ta rame, amma idon nata ne.

Lahadi, 24 ga Yuni

Ta turo hoto. Wani abu kore kamar bakin tsintsiya, ɓawon irin yana maƙale a kansa kamar hula. Daga layukan da ta shuka da hannu ne. Har yanzu ban ga abin so a bishiyar da ba ta 'ya'yan ci ba.

Na tambaye ta ko tsuntsaye ba za su cinye 'yan tsiron ba. Ta ce wasu za su tafi. Bayan la'asar na tsinci kaina ina roƙon Allah Ya ba 'yan tsiron nan ruwa. Don dai kada wahalarta ta tafi a banza ne.