Abin da Na Ɓoye wa Kwamfutar Kamfaninmu

Malam Ladan, don Allah ka taimake ni da shawara, abin nan ya hana ni cin tuwo.

Ni majemi ne, ɗan majemi. Shekarata goma sha ɗaya a wani kamfanin jima nan Sakkwato, tun lokacin da kuɗin man fetur ke malala. Ni ke kula da jiƙon fatun awaki. Da na taɓa fata da yatsa biyu na san ko ta isa fitarwa, haka na gada.

Bara kamfani ya sayo kwamfuta, aka haɗa ta da gangunan jiƙo, wai ita za ta riƙa faɗin lokacin tsayar da su. Har ɗaki mai sanyi aka gina mata, mu kuwa muna cikin wari da zufa. Manaja ya ce in zauna da Dorcas, mai buga tafiretar ofis da aka tura Kaduna ta koyo aikin na'urar, in faɗa mata duk abin da na sani ta shigar. Ga shi tun da soja suka dawo ko'ina rage ma'aikata ake yi. Na ce a raina, wato in juye kaina cikin akwati, sannan a nuna mini ƙofa?

Wata biyu muna zama. Na faɗa mata komai, ban da abu ɗaya: in bazara ta yi, ruwan rijiyarmu kan ɗumama, dole a rage lokacin jiƙo kusan da rabi. Niyyata na'urar ta ɗan ji kunya, a dawo a neme ni. Wallahi iyakarta ke nan.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ni kwana huɗu ana tsakiyar zafi. Kafin in dawo fata ɗari takwas sun lalace, suna yagewa kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Manaja ya ce Dorcas ce ta buga lamba ba daidai ba. An dakatar da ita, kwamiti zai zauna ranar Litinin ta sama. Matar nan mijinta ya rasu, 'ya'ya uku take riƙe da su a gidan haya a Mabera. Baba take ce mini. Shekaranjiya ta zo duba jikina, har tana ba ni haƙuri wai ta ɓata mini aiki. Na kasa ɗaga ido in dube ta.

Na je Hubbare ziyara, na dawo da nauyin zuciyar da na tafi da shi. In na yi magana ni za a kora, ga iyali tara, ban iya komai ba sai fata. In na yi shiru, ita ce. Yaya zan yi?

Majemi cikin damuwa, Sakkwato

Malam Majemi, na gabatar da wasiƙarka don ta fito kafin Litinin.

Tsoronka ba na banza ba ne. Kamfaninku da ya kawo na'ura ba tare da ya tara mutanensa ya faɗa musu makomarsu ba, ya yi sakaci, kuma barin fatu masu yawa haka hannun inji a bazararsa ta farko, babu mai dubawa, ganganci ne.

To amma ka daina cewa kwamfuta ka ɓoye wa. Kwamfuta ba ta jin kunya, ba ta ciyar da marayu. Dorcas ka ɓoye wa, ita da ta zauna gabanka wata biyu tana rubuta maganarka bisa amana.

Ka fara da ita. Ka ɗauki maiɗakinka ku je Mabera, ka faɗa mata da bakinka, ka nemi gafara. Daga nan ka samu sakataren ƙungiyar ma'aikatanku ya raka ka wurin manaja, ka faɗi abin da ka yi da abin da ya sa ka yi, a rubuce. Ka kuma ba da ilimin nan na bazara da ka ɓoye, ka roƙi a bar ka mai duba fata kafin na'ura ta yanke hukunci. Asarar nan ta nuna musu suna buƙatar irinka.

Ba zan ruɗe ka ba, suna iya korarka. In sun kore ka, yatsun nan biyu suna hannunka, majemu kuma ba su ƙare a Sakkwato ba. In kuwa aka kori Dorcas kana kallo, kullum ta gamu da kai a hanya za ta rusuna ta ce maka Baba, kai kuma sai ka amsa.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya rufa muku asiri kai da ita.

Malam Ladan