Rikodar Baba Ta Ƙi Tashi

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Hauwa da yara. Ya aiki, ya zaman Ikko? Mu nan Jiga Birni lafiya lau, in ban da Inna.

Ka san tun da ta rikice ba ta cin abinci sai an kunna mata kaset ɗin muryar marigayi Baba. To, ta ɓoye rikodar cikin rudu, inda muke ajiye albasa, muka yi ta nema har damina ta yi nisa. Da muka gan ta, batir ya fashe, cikin duk ya yi fari da kore. Na sa asuwaki da ruwan lemun tsami ina gogewa, sai ƙarfen da ke riƙe batir ya marmashe a hannuna. Mai gyara a Jega ko karɓa bai yi ba, wai shi waya yake gyarawa.

Inna ta rame ƙwarai, ko kunu kau da kai take yi. Ni dai dabara ta ƙare mini. Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa.

Muryarka ta fi kama da ta Baba. Don Allah ka kira da hantsi, kada ka ce kai ne. Ka ce kawai, yadda Baba ya saba ce mata, "Ɗiyar Malam, ki ci abinci."

Ƙanwarka,
Balkisu