Garin da Takwararki Ta Koma

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ta ladabi daga 'yarki Hadiza, tare da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima, Ya yalwata miki makwanci. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Amma tun da kika rasu, duk maganar da ta yi mini nauyi sai na zauna na zayyana miki ita kafin hankalina ya kwanta. Yau maganar takwararki ce, 'yata Ummi.

Kin bar ta tana jami'a a nan Manchester. A can ta haɗu da wani yaro Bafaranshe mai suna Erwan. Ya musulunta tun kafin a fara zancen aure, kuma Yaya Bashir da kansa ya zaunar da shi ya yi masa tambayoyi, ya ce yaro ne mai hankali. Aka ɗaura aure, suka kama hayar flat a unguwar Hulme. Bara mahaifin Erwan ya rasu, ya bar gonar albasa da tsohuwar uwarsa, wato kakar Erwan, ba mai kula da su. Sai suka tattara suka koma garinsu. Yanzu haka Ummi tana da juna biyu.

Garin a Faransa yake, Inna, amma ki cire Faris daga ranki. In aka duba taswira, ƙasar tana da wani dogon hanci da ya miƙe yamma ya kutsa cikin teku. Yankin ke nan da ake kira Brittany. Garin nasu yana can gefen arewa, inda wani ɗan kogi yake zuba a teku. Sunansa ya fara da "Plou", kamar garuruwa da yawa a wajen, ragowar kuwa har yau harshena bai iya shi daidai ba.

Bayan ƙaramar Sallah mun taru a gidan Yaya a Small Heath, a falon nan da kike zama kusa da hita. Ana gama cin abinci ya dube ni ya ce, "Hadiza, ki kira yarinyar nan ta dawo ta haihu a cikin dangi. Garin da ba masallaci, ba mahauci, ba Bahaushe ko ɗaya, yaron da aka haifa a can na wa zai zama?" Ban musa masa ba, don tambayar tana cina ni ma. Na kira Ummi a hanyata ta komawa Manchester. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Mama, nan ne gidana yanzu. Ki zo ki gani kafin ki yanke hukunci."

Na je. Jirgin ƙasa zuwa kudancin Ingila, daga nan jirgin ruwa. Kin san ni da ruwa, ko kwalekwalen Wudil ban taɓa yarda na shiga ba. Na ƙanƙame kujera ina ta salati har muka ga ƙasa.

Abin da na fara lura da shi iska ce. Ba ta hutawa, har itatuwan bakin teku duk sun karkata gefe guda. Gidajen na dutse ne, ruwan toka, rufinsu fallen baƙin dutse. Coci ne a tsakiyar gari, maƙabarta a jikinsa, sai gidan burodi ɗaya da kanti ɗaya da makaranta. Kina fita bayan gari sai gonaki, na albasa da farin kabeji, an kewaye kowace da tudun ƙasa saboda iska. Daga gidan su Ummi hanya tana gangarawa zuwa inda ake ɗaure ƙananan jiragen kamun kifi. Da safe na ga jiragen a kan ruwa. Da rana na koma na tarar da su kwance a kan taɓo, tekun ya janye ya tafi can nesa. Na tsaya ina kallo, sai Erwan ya ce kada na damu, zai dawo kafin yamma. Ya kuwa dawo.

Mutanen garin duka, da jariri da tsoho, ba za su cika kusurwa guda ta filin da muke sallar Idi a Small Heath ba. Mafi yawansu kuma furfura ce. Matasa sun tafi manyan birane neman aiki. Layi guda za ki ga gidaje a rufe, tagogi a garƙame, na mutanen birni ne da ba sa zuwa sai lokacin zafi. An ce a lokacin garin cika yake yi, sanyi na shigowa a watse a bar tsofaffi da iskarsu.

Ba zan ɓoye miki ba, Ummi ce kaɗai baƙar fata a garin, ita kaɗai ce mai mayafi. Akwai wani dattijo da muka gaisar a ƙofar kanti ya kau da kai. Masallaci yana wani gari mafi girma, sai Erwan ya ɗauki mota ranar Juma'a, daga can kuma yake sayo nama. Duk abin da Yaya ya faɗa akwai shi.

Amma akwai abin da bai sani ba. A gidan burodi tsofaffin mata suka kewaye Ummi, wannan ta tambayi wata nawa, waccan ta ce ta fara saƙa ɗan bargo. Na ce wannan ɗoki fa? Ummi ta ce makarantar garin yara sun yi mata kaɗan, kowace shekara ana fargabar a rufe aji. Duk jaririn da za a haifa, gari ne gaba ɗaya yake jiransa.

Sai kuma kakar Erwan. Suna ce mata Mamm-gozh, wato kaka da harshensu. Ashe suna da nasu harshen daban da Faransanci, har allunan hanya da harshe biyu ake rubuta su. Ranar tana soya mana wata waina mai faɗi, siririya kamar sinasir amma baƙa-baƙa, ni da Ummi muna ta hira da Hausa. Ta ajiye cokali ta sa Erwan ya tambaye ni wane yare ne wannan. Na faɗa mata. Sai ta ba mu labari, yana fassarawa. Tana yarinya, in aka kama ɗalibi yana yin harshensu a makaranta, takalmin katako ake rataya masa a wuya ya yini da shi. Kunyar ba ta sake ta ba, shi ya sa da ta haifi nata 'ya'yan ba ta koya musu ba. Ta ce, "Yanzu a gidan nan ba ni da wanda zan yi da shi sai kaji." Ta kama hannuna ta ce, "Ki riƙa yi wa jaririn yarenki. Ni ma in ina da rai zan yi masa nawa."

A nan kika faɗo mini a rai, Inna. Hausar da ke bakin Ummi ke kika sa mata ita. In ta dawo daga makaranta tana zuba miki Turanci da hancin 'yan Manchester, sai ki ce, "Ban ji ba, sake faɗa mini yadda zan gane." Tana ɓata rai tana sakewa.

Na kuma tuna zuwanki lokacin da na haife ta, cikin tsakiyar sanyi, ba ki taɓa hawa jirgin sama ba. Kika dafa ruwan wanka a manyan tukwane har tururi ya tayar da ƙararrawar gobara, maƙwabta suka fito. Kika dama kunun kanwa da kayan da kika ƙunso a ɗankwali. Da aka ce a kai ki yawo ki ga gari, kika ce, "Ni ba Ingila na zo gani ba, wurin 'yata na zo."

To na yanke shawara. Ba zan janyo Ummi daga gidan mijinta ba, ni zan je. Zan yi mata wankan jego har ta yi arba'in, bayan nan kuma zan riƙa tsallakawa a kai a kai, har yaron nan ya buɗe baki ya amsa mini da Hausa, ya iya Fatiha a gabana. Na nemi dogon hutu a asibitin da nake aiki, manajar sashenmu ta ce ba zai yiwu ba, ma'aikata sun yi kaɗan. Ban ja da ita ba. Na ajiye aikin dindindin, na koma ɗaukar shift na wucin gadi lokacin da nake gari. Shekarun da na zuba a wurin sun yi mini ciwo ranar da na fito, har na zauna a tashar tram, jirgin nan na cikin gari, ina share ido. Baban Ummi ya ce in dai zan je to na je da zuciya ɗaya, shi ma zai biyo ni ranar suna. Na kuma shiga ajin Faransanci a nan Old Trafford, ni ce babba a ajin, malamar tana ta fama da ni.

Da na gaya wa Yaya sai ya ce na biye wa yarinya. Muka yi makonni ba mu yi waya ba. Ban kira na ba shi haƙuri ba, don ban ga laifin da na yi ba. Ranar Lahadin da ta wuce sai ga kiransa. Bai ambaci maganar ba. Ya tambayi aiki, ya tambayi maigida, can ya ce, "Wai garin nan, daga tashar jirgi akwai nisa?" Na ce babu sosai. Ya ce to, ya ajiye. Kin san ɗanki, iyakar abin da zai iya ke nan a karon farko.

Ki kwantar da hankalinki, Innata. Takwararki ba za ta haihu ba uwa a kusa ba. Hannuna bai kai naki iya gasa jiki ba, amma na kalle ki kina yi, kuma zan yi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da iyayenki a Aljanna. Allah Ya sauki Ummi lafiya, Ya raya abin da za ta haifa a kan imani. Allah Ya ƙara wa tsohuwar nan kwana ta ga jaririn, ni kuma Ya ba ni ƙafar zuwa da dawowa. Amin.

'Yarki mai kewarki kullum,
Hadiza