Na Hura Wuta da Tikitin da Ka Aiko

Zuwa ga baban Gudiya, ruwan farkon damina a kan rufin ɗakina, inuwar da nake gudu in fake a ƙarƙashinta idan Kolkata ta ɗauki zafi, mangwarona da ya nuna a reshen da babu hannun da ya kai sai nawa, hasken idona, kuma yau, na rantse da Uwa Kali da muke bauta wa, mutumin da ya fi kowa ba ni haushi a duniya.

Kwana tara kana kwance a asibiti, kwana tara ina zuwa da abinci ana tare ni a ƙofa, wai kai ka ce kada a bar ni in shiga. Shekaranjiya kuma sai ga Inna Bimla maƙwabciyarmu ta dawo daga wurinka da tikitin jirgin ƙasa biyu ƙulle a bakin sarinta. Wai in ɗauki Gudiya mu koma garin Chapra gidan ubana, tunda mai sayar da puchka, soyayyun ƙwallayen alkamar nan da ake ɓulawa da babban yatsa, in ya rasa yatsan ya tashi daga miji ya koma kaya. Kai ka faɗi wannan? Da bakin nan naka da na san ɗanɗanonsa?

Me kake ɓoye mini a hannun nan? Ka manta ina wurin? Na biyo ka da tsamiyar da ka bari a gida, na tarar Tapan, ɗan dabar unguwarmu, da ƙartinsa uku sun kifar da kwandonka, puchka na ta rugurgujewa a ƙarƙashin takalmansu, ruwan tsamiya na gangarawa kwata. Duk don ƙanin matarsa na kwaɗayin gurbinka a ƙofar makarantar 'yan mata, inda ka shekara goma sha ɗaya a tsaye. Biyu suka danne ka, ɗaya ya take maka wuyan hannu a kan dakalin titi, Tapan ya ɗaga bulo. Sau uku ya sauke shi a kan babban yatsanka. Ba ka yi ihu ba, ni na yi maka, kuma har yanzu ƙarar ƙashin nan tana cikin haƙorana.

Yatsan nan, masoyina! Shi ne ya yi mini kishiyar barci tun ina amarya. Ka tuna satin da ka kawo ni garin nan, ka tsayar da ni a layi cikin ɗalibai, ka miƙo mini ɗan kwanon ganye kamar ba ka taɓa ganina ba? Ka ɓula puchka da yatsa, ka cusa dankali, ka tsoma a ruwan tsamiya, kafin in haɗiye ɗaya wata ta sauka. Na ci goma sha bakwai, barkono ya sa ina hawaye ina majina, ka ce, "Malama, a rage kuka, kina korar mini masu ciniki." Da na ƙoshi ka ba ni busasshiyar nan ta gyara da ake ba kowa a ƙarshe, ka raɗa mini, "Ke taki gyarar tana gida." A nan na mutu a kanka, a bakin titi, da majina a hanci.

To ka ji abin da na yi da tikitinka. Na nannaɗe su, na ƙyasta ashana, na hura gawayi da su. Shekara tara kana hana ni taɓa kwaɓinka, kana cewa hannuna ya cika taushi. Yau na nuna wa garin alkamar nan taushi. Na naushe shi, na maka shi da faranti, na murɗe shi, kowane naushi da sunan wanda na yi wa: wannan na Tapan, wannan na wanda ya taka ka, wannan naka. Kaskon farko ko ɗaya ba ta tashi ba, duk suka fito a shafe kamar marfin kwalba, na haɗa su na murƙushe da dunƙulen hannu har jini ya fito. Sai na tuna jiƙaƙƙen tsumman da kake rufe kwaɓi da shi, na tuna yadda kake danna kowace da matsami har ta nutse a mai. Man ya fallatso ya tashe mini fata a wuyan hannu, ban ko tsaya dubawa ba. A kasko na uku suka kumbura, baban Gudiya, suka taso ɗaya bayan ɗaya suna juyi, sai na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ranar.

Inna Bimla ta leƙo ta ce, "Ke Sunaina, kanki ɗaya kuwa? Mace da kwandon puchka a titi? Waɗannan mutanen ba su san mace ba fa." Na ce, "Inna, za su san ni."

Ba ta rufe baki ba sai ga shi da kansa, ƙanshin suya ya jawo shi. Tapan ya dafa ƙofarmu yana tauna ganyen nan mai rina baki kamar goro, bakin nan jajir, ya ce, "Matar yaya, ya mai jiki? Ki ce masa ya koyi ɓula da yatsan ƙafa." Na cika ludayi da tafasasshen mai na watsa masa. Ƙafarsa na samu, kuma na yi baƙin ciki, don fuskar na nufa. Ya yi tsalle ya bar takalmi ɗaya, yana ɗingishi yana cewa, "Ki zo ƙofar makarantar gobe, in kin cika 'yar ubanki." Na ce masa ya riga ni zuwa.

Yanzu dankali na dafe, na murje shi da ɗanyen barkono da baƙin gishiri. Na yanke farcen babban yatsana, na ɓula ɗari don koyo, na fasa talatin. Ruwan tsamiyar ne kawai ya ƙi ni. Na ƙara lemun tsami, na ƙara gishiri, har yanzu ba naka ba ne. Ka gani? Bulo bai taɓa harshenka ba. Ka warke ka zo ka zauna a kujera kusa da ni, kai ka ɗanɗana, ni in ɓula, ka yi ta kushe ni har mu tsufa. Ban fasa awarwarona ba, ban goge jan garin da ke tsagar gashina ba, don me za ka mai da ni mai takaba kana numfashi? Tapan yatsa ya karya maka, kai kuma ni kake neman karyawa, kuma naka dukan ya fi ciwo.

Gobe da la'asar, lokacin tashin ɗalibai, zan bar Gudiya wurin Inna Bimla, in ɗauki kwandonka a ka, in kafa shi daidai inda jininka ya zuba. Taɓaryar ƙarfen da kake daka kayan yaji tana ɓoye a ƙarƙashin jan ƙyallen da ke rufe tukunyar ruwan tsamiya, da ita zan tafi. Ina jin tsoro, zuciyata, ba zan yi maka ƙarya ba, amma zan je. Ka hana ni shigowa ɗakin asibitin nan da ƙafata. To idan ka ga an turo wani a kwantar a gadon da ke kusa da naka, ka daure ka juyo ka duba fuskar. In Tapan ne, ka yi dariya. In ni ce, ka ga na shigo ke nan.

Taka, da yatsa ko babu yatsa, har ranar da za a ɗora ni a kan itacen ƙona gawa a bakin kogi,

Sunaina